Jarumai Masu Tashi Sama a Ajin Ɗan Farina

A shekarun da aka fara Shari'a a Kano ina koyarwa a wata firamare a Kibiya, amma a Rano nake kwana. Kullum da safe in bi motar haya, in zauna a kujerar baya da aka ware wa mata, in sauka a bakin titi in ƙarasa da ƙafa. Mutane suna mamakin abin da ya sa na nemi a mayar da ni Kibiya, alhali ga makaranta nan a bayan gidanmu. Nakan ce iskar can ta fi karɓata. Ƙarya ce, kowa ma ya san ƙarya ce, ba dai wanda zai faɗa. Ɗana na fari, wanda ba ni da wani bayansa, a makarantar yake.

Ranar yaye yayar mijina ta zo ta goya shi ta tafi da shi gidanta a Kibiya, kamar yadda aka saba. An ce in ya manta nono za a dawo da shi. Kafin ya manta, Allah ya yi wa mijina rasuwa. Na gama takaba na koma gidanmu, yaro kuma ya zauna inda yake. Ba wanda ya ƙwace mini shi. Ita Yaya ba ta taɓa haihuwa ba, ni kuwa aka ce yarinya ce, zan yi wani auren in haifi wasu. Auren na yi, bai yi ƙarko ba, haihuwar kuma ba ta zo ba. Na ƙare a ɗaki ɗaya a gidan ƙanena direba, daga ni sai rediyo sai tulin littattafan 'yan aji da nake dubawa.

A wajenmu uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari. Ba ta haɗa ido da shi a gaban mutane, ba ta zaman hira da shi. In an yabe shi ta kau da kai, in an dake shi ta yi kamar ba ta gani ba. Alkunya ke nan. Haka mahaifiyata ta yi wa yayanmu har ta bar duniya, ban kuma taɓa jin wanda ya ce ba ta sonsa ba. Ni ma a kan haka na tashi, har yau ban ga aibun abin ba. Sai dai ita nata yana tsakar gidanta. Tana jin tarinsa ta bango, ta san in miya ba ta yi masa ba daga yadda ya ajiye kwano. Ni kuwa aji kawai nake da shi. Kiran suna da safe ma monita na bar wa, na ce ina koya masa shugabanci ne.

Da suka shiga aji shida aka ba ni su. A shekarar ne Yaya ta gaya mini, muna gaisawa a gidan wani suna, cewa da zarar ya gama baffansa mai fataucin hatsi zai tafi da shi Kudu ya sa shi sakandare a can. Na ce Allah ya sa albarka. Ba a nemi shawarata ba, ba kuma hurumina ba ne in bayar. Amma daga ranar abin ya tsaya mini a rai. Yaro ya yi shekaru a gabana, na san rubutunsa, na san ƙeyarsa, na san yana zama a bakin taga, amma ban san shi ba. Ban san me yake ba shi dariya ba, ban san me yake tsoro ba. Abin da nake so bai fi mu yi magana sau ɗaya kafin a tafi da shi ba, maganar da ta wuce ina kwana da lafiya lau.

Ana cikin haka ƙanena ya dawo daga Kano da wani kwali a bayan mota. Ya ce wani mai gwanjo ya gani yana shirin sayar wa masu ƙosai su yi ƙunshi.

"Yaya, na ga da hotuna a jiki, na ce ko yaranki za su so," in ji shi. "In ba su da amfani ki ba matata ta hura wuta."

Littattafan labari ne na Turanci, na yara, masu gajerun babi da manyan baƙaƙe. Duk labarin jarumai ne masu wata baiwa da ba ta mutane ba. Wani yana tashi sama, wani yana ɗaga jirgin ƙasa, wata in ta tafa hannu duk abin da ke gudu sai ya tsaya cak. Yawancinsu yara ne 'yan makaranta, da rana a yi musu faɗa a aji, da yamma su rufe fuska su je su ceci gari. Asabar da Lahadi na zauna a ƙofar ɗakina na karance su ɗaya bayan ɗaya. Na yi ta dariya ni kaɗai, har matar ƙanena ta leƙo ta ga ko na yi baƙuwa.

Ranar Litinin na kai wa hedimasta. Dattijo ne mai sauƙin kai, amma ya daɗe a aiki, ya san garinsa. Ya ɗauki ɗaya ya miƙar da hannu yana kallon bangon, ya ajiye, ya ɗauki wani.

"Malama, wannan bawan Allah kaya ne a jikinsa ko fenti aka shafa masa? Ita kuma wannan ko ɗankwali babu."

"Ranka ya daɗe, cikin ba komai sai taimakon jama'a."

"Na yarda. Amma uban yaro ba ciki zai karanta ba, bango zai gani. A wannan lokacin da muke ciki, gobe za ki ji an ce muna koya wa yara tsafi da tsiraici. Ki rufe musu jiki, ki kuma gaya wa yaran tatsuniyar Turawa ce, iko na Allah ne shi kaɗai."

Haka muka yi. Na sa yara suka samo takardar buhun siminti, muka yi wa littattafan sabon bango. Da takardar ta ƙare sai muka koma kan fastocin 'yan siyasar da suka faɗi zaɓe, waɗanda ke liƙe a katangar makaranta ba mai kula su. Muka ɓamɓaro masu sauran kyau, muka juya fuskar ciki, farin yana waje. Na ce a raina, ko ba komai yau dai sun yi wa ilimi aiki.

Abin da ban hango ba shi ne, da aka rufe bangon sai littattafan suka zama iri ɗaya. Yaro zai zo gaban kwali ya tsaya yana juya wannan yana juya wancan, ya rasa na ɗauka. Ga Turancinsu ba ƙarfi, ba zai iya leƙa shafin farko ya gane ko zai so ba. Dole ni ce zan zama bangon. Duk ranar Alhamis, awar ƙarshe, in ɗauko ɗaya in karanta babin farko ina fassarawa, in zo daidai inda daɗin yake in rufe. Aji ya ɗauki gunaguni. Sai in dubi wanda na san labarin nasa ne, in kira sunansa in miƙa masa.

A nan na gane zaɓa wa yaro littafi ba sanin littafi ba ne kawai, sanin yaron ne. Akwai wata 'yar mitsitsiya mai tallan gyaɗa da manyan yara ke ture wa faranti. Ita na ba labarin mai tafa hannu. Sati guda tana yawo tana tafa wa awaki hannu, ba wadda ta tsaya. Akwai wani mai in'ina da ba ya son a tashe shi karatu. Shi na ba labarin jarumin da ba ya magana, sai dai ya yi fito iska ta taso. Wani kuma daga wajen Fammar yake zuwa, kullum a makare, ƙafa duk taɓo in damina ce. Na ba shi na wanda ke tsallake kogi da taku ɗaya, na ce masa ya karanta ko zai koyi dabarar. Duk waɗannan na san su, domin suna zuwa bakin teburina su yi ta zuba, har da abin da ba a tambaye su ba. Na san wadda kakarta ke ciwon ƙafa, na san wanda ke tsoron kare.

Ɗan nawa kuwa ba ya zuwa. Ya san ko ni wace ce, an gaya masa tun yana ƙarami, shi ya sa ma ya fi kowa nesa da teburin. In zai wuce ni sai ya rusuna ya ce, "Sannu, Malama," idonsa a ƙasa. Ni kuma in amsa wa iska.

Na daɗe ina juya kwalin ina neman nasa. Daga ƙarshe na ɗauko mafi kauri, na mai ɗaga jirgin ƙasa. Ban da wani dalili, sai dai na ga namiji ne, kuma ina so a ce nasa ya fi na kowa. Na karanta babin farko da duk muryar da nake da ita, na rufe, na dubi 'yan layin gaba na ce, "Ku miƙa wa na bakin taga." Littafin ya bi hannu-hannu har ya isa. 'Yan aji sun san dalili, ba wanda ya yi ko murmushi.

Washegari da safe na tarar da shi a kan teburina. Sauran yara sai su yi sati biyu da nasu, sai na yi ta cigiya. Shi kwana ɗaya. Na ce to, wannan bai yi masa ba. Alhamis ta zagayo na aika masa wani, na yaron da ke gani ta cikin bango. Ya dawo da safe. Na sake wani, ya sake dawowa, a ajiye daidai tsakiyar tebur, gefe da gefe a saiti kamar an gwada da rula. Raina ya ɓaci ƙwarai. Ina da zuciya, ban taɓa ɓoyewa ba. Na ce a raina wannan miskilanci ne na dangin ubansa, mutanen da in ka ba su fura sai sun tambayi wa ya dama. Ranar duk wanda ya yi motsi a aji ya ji a jikinsa, ban da shi, don shi ko faɗa ba ni da damar yi masa. A mota na jingina kai da gilashi har Rano. Fushin bai kai gida ba ya koma baƙin ciki. Na ga kamar hannu nake miƙa masa yana mayar mini.

Ban daina aikawa ba, amma na daina sa rai.

Wata ranar kasuwar Kibiya na tsaya sayen tumatir bayan an tashi, sai ga Yaya a gaban mai tumatir ɗin tana taya albasa. Muka gaisa, na tambayi mutanen gida a dunƙule. Ta dafa kafaɗata tana dariya.

"Ke dai kin haɗa ni da aiki. Yaron nan ya hana ni sakat da littattafanki. Yana dawowa ko rigar makaranta ba ya cirewa, zai shimfiɗa buhu a gindin darbejiya, ina ɓarar gyaɗa yana karantawa yana mayar mini da Hausa. Ba ya tashi sai ya ga ƙarshe. In na ce ya je ya ɗebo ruwa ya ce, Gwaggo bari ya sauke jirgin tukuna. Ni yanzu duk na san su, har mai leƙen mutane ta bango, mara kunyar nan."

Na yi dariya, domin wajen na dariya ne. Ashe ba mayarwa yake ba, cinyewa yake a zama ɗaya. Na ji daɗi ƙwarai. A lokaci guda kuma na ji wani abu ya soke ni. Duk surutun da nake nema yana nan, yana yin sa kullum, da hannu da murya, a gindin wata bishiya da ba ta fi tafiyar 'yan mintuna daga ajina ba. Ni nake zaɓowa, wata ke ji. Ban ƙullace ta ba. Ita ta yi jinyar ƙyandarsa, ita ta wanke masa kashi, haƙƙinta ne.

Tambaya ɗaya ta zo mini har kan harshe: wanne ya fi so? Amma mai tumatir ya san mu duka, ga mata biyu a gefe sun kasa kunne. In na tambaya, kafin magariba an kai labari cewa malamar nan ta Rano ba ta da kara, a tsakiyar kasuwa take bin diddigin ɗan fari. Na ce, "Allah ya ƙara basira," kamar a kan ɗan maƙwabta ake magana. Na karɓi ledata na wuce tasha.

Jarrabawa ta zo ta wuce. Alhamis ɗin ƙarshe ban karanta komai ba, littattafai kawai na karɓa ina mayarwa kwali. Wasu sun dawo da man ja a jiki, wani littafin akuya ta ci masa kusurwa, wani kuma an ɓare bangon an yi wa ɗan siyasar da ke ciki gashin baki da biro. Aka buga ƙararrawa, yara suka fita a guje suna ihun hutu. Na sunkuya ina ɗaure kwalin da igiya, sai na ji akwai sauran mutum a ajin. Ban ɗago ba na san ko wane ne. Na miƙe na ɗauki tsumman goge allo, na juya masa baya.

"Malama."

"Na'am."

"Baffa ya ce ranar kasuwa za mu tafi."

"Allah ya kiyaye hanya."

Na ji yana murza ƙafa a siminti. Allon ba komai a jikinsa sai kwanan wata, na fara gogewa a hankali.

"Na ce ko zan iya tafiya da guda ɗaya."

"Wanne?"

"Siririn nan, mai yagaggen baya. Na wanda yake tashi amma yana tsoron sama."

Na san shi. Shi ne a can ƙasan kwali, ban taɓa zaɓa wa kowa shi ba, domin na ɗauke shi shirme. Labarin wani yaro ne da aka ba baiwar tashi, ga shi kuma da jiri, don haka ba ya wuce tsayin katanga. Ashe wani abokinsa ya zaro, shi kuma ya karɓa a hannunsa. Da shekara zan yi ina zaɓe, ba zan taɓa cewa wannan ne nasa ba.

Aji ba kowa, taga ba kowa. Ban juyo ba na ce masa:

"Na manta wannan. Me ke cikinsa?"

Ya fara a ɗarare, kamar mai ba da hadda. Ya ce akwai wani yaro. Ya ce ran nan gobara ta tashi a wani dogon bene, mutane suna ihu suna nuna masa sama, shi kuma yana ta zagaya ginin daidai tagar ƙasa yana ba su haƙuri. Na ce, "Sai aka yi yaya?" Ya ce sai ya shiga igiyar shanya ya fito da zanen wata tsohuwa a ka, tsohuwar ta biyo shi da tsintsiya, ga shi a sama amma tana kai masa duka don bai yi nisa ba. A nan muryarsa ta karye, dariya ta ƙwace masa. Wata irin dariya ce mai shiga ciki, kamar mai shaƙuwa, sai ya ja numfashi sannan ta fito. Ban taɓa jin ta kusa haka ba.

Direban da ya saba kwasarmu ya fara danna hon a bakin titi. Wata abokiyar aikina ta ƙwala kira daga can bakin ofis, "Malama, kina tafe?" Na ɗaga murya na ce su je, ina da sauran aiki.

Ya ci gaba. Yanzu ya saki jiki, yana canza murya, ta tsohuwa daban, ta ɗan sanda daban. Ina jin iskar hannunsa a bayana in ya kwatanta tashi. Duk inda ya nemi tsayawa sai in ce, "Sai kuma me?" Ya gaya mini inda ya fi ba shi tausayi, wato inda yaron ya rufe ido ya hau har hawa na uku saboda kukan jariri, ya sauko da shi, sannan ya zauna a ƙasa ya yi amai. Ya ce shi a ganinsa wannan ya fi mai ɗaga jirgi jarumta, don mai jirgi ba abin da yake tsoro. Ya ce shi ma ba ya iya hawa mangwaro, yara suna yi masa dariya, amma bai taɓa gaya wa Gwaggo ba. Na goge allon daga wannan gefe zuwa wancan, na dawo na sake, har ya yi baƙi wuluk, hannuna yana ciwo. Hawaye suna zuba cikin hijabina, na bar su, don in na share zai gane.

Labari ya ƙare. Ajin ya yi tsit, sai kukan wata tunkiya a bayan katanga. Na ji ya dawo hayyacinsa, muryar ta koma ƙasa.

"Shi ke nan, Malama."

"Yana da daɗi," na ce. "Kwance igiyar ka ɗauka."

Na ji ya kwance, ya lalubo, ya mayar da igiyar ya ɗaure da kyau. Ya rusuna ya ce ya gode. Na ce Allah ya yi albarka, ya yi ta karatu, mangwaro kuma a ƙasa ma ana tsinta. Ya ɗan yi dariyar nan kaɗan, ya ce amin. Na ji takunsa a baranda, sannan a kan yashi.

Sai a lokacin na juya. Ta taga na hango shi ya kusa ƙofar makaranta, littafin a hammata, yana tafiya yana harbin wani gwangwani.

Yanzu babban mutum ne, yana can Kudu da iyalinsa. Yakan kira ni a waya ranar Juma'a, mu gaisa, ya tambayi ƙafata, in tambayi yara, mu yi sallama. Waccan ita ce hira mafi tsawo da muka taɓa yi, kuma da bayana na ji ta tun daga farko har ƙarshe. Na riƙe muryar, na riƙe dariyar. Amma in aka tambaye ni yadda fuskarsa take in yana dariya lokacin yana yaro, sai dai a je a tambayi Yaya.